Saiwar Aro: Itace da Fangali a Tarihin Garaken Abzin

Akwai wata maganar Faransawa wadda duk mai koyar da harshensu ya taɓa cin karo da ita a aji: rouge comme une pivoine. Suna faɗinta ga wanda kunya ta kama har fuskarsa ta yi ja wur. Na daɗe ina wuce ta da sauri, in ce wa yara pivoine wani jan fure ne na ƙasashen sanyi, mu kuwa da kunya ba ta sauya mana launi, sai mu ce mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Haka nake yi shekara da shekaru, har ran da wani yaro ɗan Timiya, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, shi wannan furen itace ne ko ganye?" Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na gane tambayar ɗan mai garka ce. Wanda ya tashi a bakin rijiya ba ya fara tambayar launin shuka ko ƙamshinta. Abin da yake son ji shi ne, in an sa ta ƙasa zama za ta yi, ko kuwa baƙuwar wata huɗu ce.

Amsar da na kawo masa bayan kwana biyu ita ce: duka biyun. Sinawa, waɗanda suka fi kowa daɗewa da wannan fure, sun raba shi gida biyu tun fiye da shekara dubu. Akwai wanda suke ce wa shawyaw, mai ɗanyen kara, wanda in hunturu ya shigo sai ya bushe har ƙasa kamar ya mutu, sa'an nan ya sake tohowa daga idanun da ke bisa saiwarsa. Akwai kuma mudan, mai yin itace, wanda yakan kusa tsayin mutum. Shi ganye yake zubarwa, rassansa na nan tsaye. Saiwar aka fara nema don magani kafin a kula da furen. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, mudan ya zama furen fada da na attajirai, birnin Luoyang kuwa ya zama gidansa, har a 1034 wani malami ma'aikacin hukuma, Ouyang Xiu, ya rubuta ɗan littafi kan ire-irensa da yadda ake renonsu. Bai isa Ingila ba sai ƙarshen ƙarni na 18. Daga nan masu garaken Faransa suka shiga haɗa iri, cikinsu har da Victor Lemoine na birnin Nancy, wanda a 1906 ya fitar da wani iri mai ganye ya raɗa masa sunan ƴar wasan kwaikwayon nan Sarah Bernhardt, ana kuwa sayar da shi har gobe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dashen. Mai ganye ba ya son zurfi: idanunsa su kasance santimita 3 zuwa 5 ƙarƙashin ƙasa, in an zarce haka sai ya yi ta ganye kore shar ba fure ko ɗaya. Mai itace kuwa akasin haka ne, saboda yawanci aure ake yi masa, wato a yanko reshen mudan a ɗaura bisa saiwar shawyaw. Sai a turbuɗe mahaɗin santimita 10 zuwa 15, don reshen ya samu ya fitar da tasa saiwar. Saiwar aro ce ke ciyar da shi shekarun farko, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Dukansu ba su son a riƙa ɗaga su daga wuri zuwa wuri, dukansu sai sun yi kamar shekara uku kafin su yi furen kirki, kuma in sun kama wuri suna iya haura shekara hamsin.

A Agadas dai ba za a ga furensa ba. Yana bukatar makonni masu yawa na sanyi mai tsanani kafin ya buɗe, zafin bazararmu kuwa ba ya barin irinsa da rai. Wuri mafi kusa da mu da danginsa ke fitowa da kansu a daji shi ne duwatsun Kabiliya, can arewacin Aljeriya. Amma tambayar yaron nan ba ta bar ni ba, domin na lura da ita za a iya karanta tarihin garakenmu na Abzin tun daga farkonsa. A kowace garka akwai abin da aka dasa don ya zauna, akwai abin da aka shuka don a cire. Yadda mutane suka karkata tsakanin waɗannan biyu a kowane zamani yana faɗin abin da tarihin sarakuna ba ya faɗi, wato ko suna sa ran baɗi za ta same su a wurin.

Itace mafi tsufa a wannan labari dabino ne. Mutanen Ingal, yamma da Agadas, suna riƙe da cewa Sharifai ne suka zo da dashen dabinonsu daga Madina, shi ya sa irin da suke alfahari da shi ake kiransa Almadina, kuma sukan haɗa zuwansu da zamanin Askiya Muhammadu na Songai, wanda ya ci Agadas a 1515. Ko mai karatu ya karɓi wannan ruwaya yadda take ko ya ɗan rage mata, akwai ilimin noma na gaske a cikinta. Ba a kawo dabinon kirki a aljihu. In ka shuka ƙwallo, rabin abin da zai fito maza ne marasa haihuwa, matan kuma ba lalle su gaji uwarsu ba. Mai son Almadina dole ya ɓanɓaro ɗa daga gindin uwa, ya naɗe shi, ya riƙa jiƙa shi a hanya, ya dasa, ya jira shekara biyar ko fiye, sa'an nan kowace shekara ya hau ya kai wa mace garin namiji da hannunsa. Wanda ya yi wannan ɗawainiya ba matafiyi ba ne kuma. Fiƙihun Malikiyya ma ya san da haka, tun da ya sa gina rijiya da dasa itace cikin abubuwan da ake raya matacciyar ƙasa da su har ta zama mallakar mutum.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da cewa Abzin ta dā aljannar garake ce. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdul Karim, ya taso daga Tintellust zuwa Agadas a watan Oktoba na 1850, ya ratsa kwaruruka masu goriba da yawa, noma kuwa kaɗan. A kwarin Awdaras ya ga abin da ya ba shi mamaki: bayi uku an ɗaura musu wata irin garma suna ja kamar shanu, ubangidansu na kora su. Ya ce a ganinsa nan ne iyakar inda garmar ja ta kai ta wajen kudu a wannan yanki na Afirka. Masu ɗaukar wannan shafi nasa sukan tsaya kan garmar; ni kan mutanen uku nake tsayawa, domin sun nuna mana wanda ke yin aikin ƙasa a wancan zamani da kuma darajar da ake ba aikin. Birnin da ya tarar, mai mutum kamar dubu bakwai a ƙiyasinsa, da hatsin Damargu yake rayuwa. Arzikin ƙasar a bayan raƙumi yake: gishiri da dabinon Bilma da Fashi su gangara ƙasar Hausa, gero da tufafi su hauro. Ƙasar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 150 a shekara ba, ba ta yin gona. Garka kaɗai take yi, a gaɓar ƙorama, inda rairayi ke ɓoye ruwan da ya gangaro daga duwatsu da damina.

Abin da ke fiddo wannan ruwa shi ne takarkart, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don yaran birni na yanzu da yawa ba su taɓa jin kukansa ba. Gumagumai ne ake kafawa a karkace bisa bakin rijiya, da ƙarƙaro a sama da wani a ƙasa. Gugan fata ne babba mai dogon hanci kamar na giwa, da igiya biyu, ɗaya a bakinsa ɗaya a hancin. Sa ko raƙumi ke ja, yaro na gaba riƙe da akala, su tafi su dawo a kan turba guda. Muddin gugan na cikin rijiya hancin a naɗe yake sama, ruwa ba ya zuba. Da ya iso baki sai igiyar ƙasa ta miƙe shi, ruwan ya kwarara cikin fafaffen kututture, ya bi magudana, mai garka na can da fartanya yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan. Irin wannan dabara ana samunta a Fazzan da sauran dausayoyin arewa, hanyar da ayarinmu suka sani sarai. Abin lura a nan shi ne takarkart na da iyaka, iyakarsa kuwa gajiyar dabba. Sa ba ya ja dare da rana. Saboda haka girman garka bai wuce ƙarfin sa ɗaya da yaro ɗaya ba, rijiya kuma tana samun hutun da za ta sake tarawa.

A cikin wannan ƴar garka ne itace da ganye suka ƙulla zumuncin da ya tuna mini da auren mudan da shawyaw. Ba wanda ke iya ɗaure sa shekara biyar yana ban ruwa ga itacen da bai ba shi ko ƙwaya ba. Sai a dasa ɗan dabino ko rumman a gefen fangalin alkama da sanyi, na masara ko gero da zafi. Ruwan da aka ja don abincin bana shi ɗan itacen ke sha a sace. Fangali ke biyan kuɗin ƙuruciyarsa. In ya girma saiwarsa ta kai ruwan ƙasa da kanta, sai ya rama, ya yi wa fangalin inuwa, ya tare masa iska.

An gwada wannan zumunci gwaji mai tsanani a 1917. Daga 13 ga Disamba 1916 zuwa 3 ga Maris 1917 Kawusan da Sarkin Abzin Tagama suka tsare sojan Faransa a barikinsu na Agadas. Da gudunmawa ta iso daga kudu, ramuwar da ta biyo baya ba ta bar malami ba, ba ta bar makiyayi ba. Aka kwashe dabbobi, aka tashi ƙauyukan cikin duwatsu, jama'a da yawa suka watsu zuwa Damargu da ƙasar Kano da Katsina. Baturen Ingila Francis Rodd, wanda ya zauna a Awdaras a 1922, ya yi ta ratsa garuruwan da ba kowa sai bangon dutse. Fangalin da ya kwana bakwai ba ruwa ya gama yawo. Amma babban dabino, da saiwarsa ta riga ta nutse, yana iya jiran mai shi shekaru. Waɗanda suka dawo ba su tarar da raƙumansu ba, ba su tarar da rumbunansu ba. Abin da ke tsaye yana shaidar cewa nan gidan wane ne, itace ne. Daga wannan dawowa ne aikin garka, wanda dā ake bar wa bayi da talakawa, ya fara zama abin da ɗan gidan kowa ke iya kamawa ba tare da an yi masa gori ba. Yunwa ce ta koyar, ba wa'azi ba.

Gerd Spittler, wanda ya daɗe yana zama da Kel Ewey na Timiya yana nazarin yadda suka tsallake fari da yunwa daga 1900 zuwa 1985, ya nuna yadda gida ɗaya ke raba ƙarfinsa uku: wasu maza su bi ayari, mata su riƙe awaki, wasu mazan su tsaya a garka. In ƙafa ɗaya ta karye, biyu su ɗauki gidan. Akwai kuma wata al'ada da ta shafi maganarmu kai tsaye, wadda ake kira akh idderan, wato "nono mai rai": dukiyar da ake keɓe wa ƴaƴa mata da ƴan'uwa mata, ba a sayarwa, ba a rabawa, amfaninta kawai ake ci. Dabbobi ake sawa a ciki, da itatuwan dabino. Ba a sa albasa. Abin da zai rayu bayan mai bayarwa shi kaɗai ke shiga, don haka duk dabinon da aka fasa dasawa, wata mace ce da ba a haifa ba tukuna aka rage wa madogara.

Farin 1973 da na 1984 suka sake turo dubban makiyaya bakin ƙorama, wannan karo ba bindiga. Ayyukan taimako na gwamnati da na ƙasashen waje suka shigo da rijiyoyin siminti da sabbin iri. A shekarun 1970 ɗin nan ne ma aka kawo wata ƴar buzuzuwa mai cin farin ƙwaron da ke manne wa ganyen dabino yana tsotse shi, aka sake ta a dausayoyin Abzin. Yaɗuwar lemon zaƙi da babban lemo da inabi da ake tutiya da su a Timiya, waɗanda ke cika tirori a kasuwar Agadas, ta wannan zamani ce. Na sha jin baƙi suna cewa garaken nan tun fil azal haka suke. Ba haka ba ne. Mutanen da suka rasa garkensu jiya ne suka dasa itacen da sai bayan shekara huɗu ko biyar zai haihu, kuma ban san wata shaidar ƙarfin zuciya da ta fi wannan ba a tarihinmu na kusa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Garin Arlit ya tashi a kan yuraniyom, wanda aka fara haƙa a 1971, ya zama kasuwar kayan miya. Kwalta ta haɗa Tawa da Agadas da Arlit wajen 1980. Sa'an nan injin ban ruwa ya zo, mai araha, mai shan fetur, daga baya har da mai aiki da hasken rana. Albasa kuwa ta tarar da gurbinta: ta Galmi da kewayenta da rani ake cire ta, ta Tabelot da gindin Bagzan kuwa da damina ake nomanta, ta fito kasuwa daidai lokacin da ta kudu ta yi ƙaranci, manyan motoci su kwashe ta har Gana da Kwaddibuwa. Wata huɗu, kuɗi a hannu. Kada wanda ke cin albashi irina ya raina wannan. Albasa ta yi rufin kwano, ta kai mutane Makka, ta biya kuɗin karatun yara da yawa da suka zauna a gabana. A shekarun tawaye, na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, sa'ad da aka binne nakiyoyi a hanyoyi har Iferwan ta zama kango na wani lokaci, wa zai ga laifin wanda ya zaɓi shukar da zai iya cirewa kafin a ce masa ya tashi?

Amma inji ba sa ba ne, ba ya gajiya. Garka ta faɗaɗa, maƙwabci ya ƙara wa rijiyarsa zurfi, kai ma dole ka ƙara, ruwan ƙasa ya yi ta ja da baya a kwarurukan da aka fi matsa wa, har aka shiga gina ƙananan madatsai a ƙoramu don ruwan damina ya ɗan tsaya ya nutse. Albasa na bin inji duk inda ya kai. Tsohon dabino ba ya iya bi. Saiwarsa na inda ruwa yake shekara arba'in da suka wuce. Ga shi kuma albasa rana take so, inuwar itace asara ce gare ta, don haka sabuwar garka sau da yawa fili ne fetal, ba ko ɗan rumman a gefe. A ganina nan ne zumuncin ya fara tsinkewa. Dā fangali na renon itace. Yanzu ya zama kishiyarsa. Garkar da ba itace kuma ba ta da abin riƙe gaɓa: waɗanda suka ga abin da Telwa ta yi a farkon Satumba 2009, daren da ta fasa ta shiga unguwannin Agadas ta share garaken bakinta, sun san bambancin gaɓar da saiwa ta ɗaure da wadda ba komai. Kasuwar ma ba ta da alkawari. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mai buhun albasa ya ga yadda dukiya ke ruɓewa a hannu, alhali dabino busasshe na iya jiran shekara.

Masu haɗa irin pivoine sun daɗe suna neman wanda zai haɗa halin gida biyun, aka yi ta cewa ba ya yiwuwa. Wani mai garka a Japan, Toichi Itoh, ya dace a 1948 bayan gwaji mai yawa. Ya rasu a 1956, tsiron bai riga ya yi fure ba. Wasu ne suka ga furen bayansa, irin kuwa har yau sunansa yake ɗauke da shi. Na ba da wannan labari a aji ina jiran a yi mamaki. Ɗan Timiyan nan ko gezau. Ya ce kakansa ma bai ci dabinon da ya dasa daga ƙarshe ba, innarsa ce ke ci.

Da hutun sanyi na waccan shekara na bi shi garkarsu. Mahaifinsa, dattijo mai ƙarancin magana kamar ɗansa, ya zaga da ni yana nuna itatuwa da sandarsa, ba ya faɗin shekarunsu sai dai abin da ya faru sa'ad da aka dasa su. Dogayen dabinon bakin ƙorama na bayan dawowa ne daga Hausa. Lemon tsakiya na bayan babban fari. Daga nan sai wani fili mai faɗi, fangali bayan fangali, ba abin da ya kai gwiwa. Ya ce waɗannan shekarun ba a yi dashe ba, bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Can ƙarshen filin, kusa da inda bututun inji ke zubowa, akwai ƴaƴan dabino shida a jere cikin albasa, an turbuɗe gindinsu sosai, an naɗe kowanne da tsohuwar tabarmar kaba saboda iska. Na ce, "Baba, ba za su tare wa albasar rana ba?" Ya ce za su tare, nan da shekara bakwai. Sa'an nan ya sunkuya ya buɗe wa fangali na gaba ruwa.